Riƙe Min Hannunta

Kowace Laraba, idan ya fito daga asibiti, wani tsoho yakan biyo ta rumfar Ok-bun mai kunun shinkafa a kasuwar birnin Daegu na ƙasar Koriya. Ba ta san sunansa ba. Dogo ne, amma ciwo ya tanƙwara shi. Ya ƙara wa bel ɗinsa huda uku, duk da haka wandon zamewa yake yi. Hannun hagu dafe da ciki, na dama riƙe da matarsa, wadda mantuwar tsufa ta cinye. Ya taje mata kai, ya ɗaura mata jan gyale tsaf.

Kwano ɗaya yake saya. Yana hurawa yana ba ta a baki, shi ko ɗanɗanawa ba ya yi. Ok-bun tana zaton a gida ma haka yake wuni, don idan ya ci banɗaki zai riƙe shi, to wa zai tsare ƙofa kada ta fice?

Yau cikin ya murɗa masa da cokali a hannu. Gumi ya keto masa. Ya hangi banɗakin kasuwa can ƙarshen layi, ya dubi matar, sannan ya juya ga Ok-bun.

"Ƙanwata, taimaka ki riƙe min hannunta. Ko ta zage ki kada ki saki."

"Yi sauri, Baba, kada ka ɓata min rumfa!"

Ya tafi a duƙe, yana waiwaye.

Tsohuwar matar tasa ta bi shi da kallo, ta ce, "Mutumin nan akwai kirki. Amma ba shi da mata ne? Ji yadda ya bushe, ba mai dafa masa."