Malam Ba Hula

Na haifa wa mijina 'ya'ya uku ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba. In na faɗi haka sai a ɗauka zolaya nake yi, amma wallahi gaskiya ce. Sanƙo ya kama Malam tun yana saurayi, kafin mu haɗu, shi kuwa ya ɗauki abin da zafi. Yana da hular zuwa aji, don a jami'a yake koyarwa, da hular masallaci, da ta zaman falo, da wata 'yar farar tashi-ka-fiye-naci da yake kwana da ita. Da hula yake shiga wanka, da hula yake fitowa. In zai yi alwala sai ya juya mini baya, ya ɗan ɗaga ta kamar mai leƙa tukunya, ya shafa ya mayar.

Abin yana ba ni dariya, yana kuma ci mini rai. Mutumin nan ba ya ɓoye mini komai, ko wayarsa a buɗe take, amma kansa ya fi ƙarfina. Sau ɗaya ina amarya na kai hannu da wasa zan cire hular, ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah bari." Yadda ya faɗe ta ya sa ban sake ba. Na haƙura a baki, amma a raina ban haƙura ba. Ina so in ga mijina ya zauna a gidansa ba tare da yana jin kunyata ba.

Wata rana ina tsinkar zogale a tsakar gidanmu na Yelwa ya shigo da waya a hannu, bakinsa har kunne. Wai wani abokin aikinsa ya je Abuja an yi masa dashen gashi. Ya ja kujera ya fara yi mini lacca: yadda ake ciro gashi ɗaya-ɗaya da saiwarsa daga ƙeya, inda sanƙo ba ya kaiwa, a dasa shi a gaba. Ina ta cewa to, to, hankalina yana kan miyata. Sai na ji ya sassauta murya ya ce matsalar guda ce, likita ya ce ba a sa hula sai wurin ya kama.

Na ajiye faranti. Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Daga ranar na zama 'yar kamfen ɗin dashen gashi. In ya fara ja da baya, ni ce mai tuna masa cewa gaban kai shi ne mutum. Da hutun makaranta ya zo, ni na haɗa masa jaka, na zaɓo masa riguna masu maɓalli don kada ya sa wadda za ta gogi kan. Hulunan kuwa na tattara su na kai wa mai wankin hula, na ce kada ya yi sauri ko kaɗan.

Ban bi shi ba saboda yara. Ranar da aka yi aikin, da yamma ya kira ni yana ba ni labari. An aske shi tas, an zana masa layi a goshi kamar yadda tela ke yi da alli. Ya ce allurar kashe zafi ce kawai ta sa ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Bayan ita bai ji komai ba sai motsin hannu a kansa. Wuni guda ya yi a kwance, da farko rub da ciki ana cira, daga baya rigingine ana dasawa, a tsakani har shinkafa aka ba shi. Ni dai tambaya ɗaya nake ta yi masa: yaushe zai dawo.

Motar haya ta sauke shi a ƙofar gida. Ya fito da laima a buɗe, ba ruwa ba hadari, ya shigo da sauri kamar wanda ake bi. A falo ya rufe laimar.

Jama'a, ashe kan Malam dogo ne. Ashe kunnuwansa a tsaye suke. Ƙeyar tana naɗe da bandeji, gaban kuwa ja, da ƙananan ɗigo layi-layi kamar an yayyafa riɗi. Ya tsaya tsuru-tsuru yana jiran abin da zan ce. Autarmu ta riga ni, ta leƙa shi ta ce, "Abba, ina kanka na da?" Na yi masa sannu da hanya da fuskar mutunci, na wuce kicin na tura ƙofa, na rangaɗa 'yar guɗa a cikin gyale.

Dokokin likita suna da yawa, ni ce kuma 'yar sandan. Ba sunkuyawa, ba shiga rana, ba susa. Barci a kujera, a jingine, da wani matashi mai zagaye wuya. Sallar kwanakin farko a zaune ya yi ta, bayan ya kira wani malami abokinsa ya tabbatar masa lalura ce, ya kuma yi masa bayanin yadda zai yi da shafar kai. Sai kumburi ya sauko. Ya fara daga goshi, ya gangaro har idanu suka zama 'yan tsito. An faɗa masa za a yi haka, amma sai da ya kira likita, aka sake faɗa masa zai saɓe da kansa. Da ƙaiƙayi ya taso kuwa, a kan hannuwansa yake zama, yana lumshe ido yana salati. Duk wanda ya yi sallama sai in ce Malam yana hutawa.

Mutum ɗaya ce ban isa in ce wa haka ba. Da Juma'a ta wuce bai je gidansu na Ƙofar Dumi gaisuwa ba, sai ga mahaifiyarsa a keke mai ƙafa uku. Dada muke ce mata. Malam ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ta zauna, ta dube shi sau ɗaya, ta mayar da ido kan bango.

"Me ya sami wannan?" ta tambaye ni.

"Dashe aka yi masa, Dada. Na gashi."

"Dashe. Irin na tattasai?"

Kafin in ba ta amsa lokacin feshi ya yi. Akwai 'yar kwalbar ruwan gishiri da aka ce a riƙa fesa wa wurin don kada ya bushe. Na ɗauko na fesa, fis, fis, Malam ya sunkuyar da ido. Dada ta bi hannuna da kallo ta ce, "Ashe har ban ruwa ake yi." Shi ke nan, ni da ita muka kasa tsayawa. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Da za ta tafi ta ce in gaya masa ubansa da sanƙonsa ya aure ta, ita ba ta ga abin da ya rage ta da shi ba.

Wankin kai shi ne rabona a cikin wannan hidima. Bayan la'asar sai ya zauna a 'yar kujera a inuwa, in kaɗa kumfa a moɗa, in ɗiga masa a hankali, in bi da ruwa mai ɗumi. Ba a cuɗawa, taɓawa kawai ake yi da kan yatsu. Kan Malam a tafin hannuna, da rana tsaka! Da ya rufe ido sai bakinsa ya buɗe. A nan na ji sunan da abokai suka laƙaba masa a makaranta, wanda har yau ba zan faɗa ba. A nan na ji ranar da iska ta ɗauke masa hula a kan acaɓa, 'yan mata suka yi ta dariya a bakin titi, ya koma ɗaki bai fito ba sai washegari. Na yi dariya, na kuma ji tausayinsa har cikin raina. Wankin da bai kai a dafa shayi ba sai in ja shi, in ce akwai sauran kumfa a bayan kunne. A makonnin nan waƙa nake yi a kicin, gishiri yana yi mini yawa a miya, ko a jikina.

Ɓawon ya zube, kan ya yi fes, likita ya ce zai iya sa hula in zai fita. Amma a gida Malam ya ci gaba da zama ba hula, don 'yan gajerun gashin sun tsaya cak a goshi, shi kuwa duk abin da ke ƙyalli sai ya duba kansa a ciki, har murfin tukunya.

Sai gashin ya fara zuba. Wannan ma an faɗa masa. Shi da bakinsa ya karantar da ni cewa wanda aka dasa yakan kakkaɓe bayan 'yan makonni, saiwar tana nan a ƙasa, sabon ya fito bayan watanni. Haka kuwa aka yi daga baya, ya fito sannu a hankali, sai da aka doshi shekara ya cika. Amma a lokacin ba wanda ya ga saiwa, gashi kawai muke gani a kan matashi. Kan ya koma ya fi na da muni, nan ja, nan fili, nan 'yan tsiraru. Wata safiya ya fito karin kumallo da 'yar farar hular nan.

Kwanaki tana kansa, a falo, a ɗaki, ko'ina. Na daina waƙa. Da haushi ya ishe ni, na tare shi yana shirin fita azahar, na ce, "Malam, ni fa ba gashin nake jira ba. Ko ƙwara ɗaya kada ya fito." Ya dube ni, ya sa takalmi ya fita.

Ranar tun safe ake yayyafi, har na sa wa yara rigunan sanyi. Da ya dawo mun baje a tabarma, ina zuba dambu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jima. Sannan ya kai hannu ya cire hular, ya ajiye ta a hannun kujera, ya zauna a tsakiyar 'ya'yansa da kan nan nasa mai fili-fili.

"Yau ana zafi," ya ce, bai dubi kowa ba.

"Sosai ma," na ce, na tura masa kwano gabansa.