Aljihu Biyu, Mai Turin Gadon Marasa Lafiya

Ƙarfe shida da rabi yake isowa asibiti. Ya jingine kekensa a bayan ɗakin wanki, ya duba tayoyin gadon da zai yini yana turawa, sannan ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. A na dama akwai ɗan littafi mai jan bango, na Sinanci. A na hagu mai shuɗin bango, na Turkanci. Shi ya sa duk asibitin an manta sunansa na yanka, Aljihu Biyu ake ce masa. Ranar Alhamis zai ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Ka tambayi Sista, shugabar ɗakin agajin gaggawa, za ta ce maka ba ta taɓa aiki da mai taurin kai irinsa ba. Kuma ba ƙarya ta yi masa ba.

Shekara tara ke nan da kamfanoni biyu suka sauka garin, na gina gada da Sinawansa, na siminti da Turkawansa. Wata rana da hantsi aka kawo wani Basine da ya faɗo daga kan ƙarfe. Tun daga bakin ƙofa har ɗakin tiyata yana riƙe da hannun mai turin gadon, yana maimaita magana ɗaya. Ba wanda ya gane. Kafin tafintan kamfani ya iso, mutumin ya cika. Har yau ba a san abin da ya ce ba.

Sati bai zagayo ba sai ga littattafai biyu.

"Haba Baba," in ji Sista. "Da furfurarka, harshe biyu a lokaci guda? Ka ɗauki ɗaya mana."

"Ranki ya daɗe, in na ɗauki ɗaya, wa zai hana mutanen ɗayan faɗowa?"

Daga nan kowa ya shiga uku. Bai damu da hira ba, tambaya goma sha biyu ya sa a gaba: ina ke ciwo, yaushe rabonka da abinci, wane magani ne jikinka ba ya so, wa za a kira maka. Safe zuwa azahar Sinanci, azahar zuwa tashi Turkanci, baki na motsi kamar mai lazimi. Duk baƙon da ya ɗan farfaɗo sai ya buɗe ido ya ga Baba a gefen gado da biro, ana jiran darasi. Akwai ranar da ya wuce ɗakin hoto sau biyu da wata tsohuwa a kan gado, yana can yana bitar karatu, sai da ta ce, "Ɗan nan, yawon buɗe ido aka ce ka kai ni?" Sista ta rubuta masa takardar gargaɗi. Ya karɓa da ladabi, ya juya bayanta ya rubuta sunayen gaɓoɓin jiki.

Matarsa ma har ofis ta kawo ƙara. Ta ce gidansu ya zama makaranta, ƙofa da takarda, tukunya da takarda, ka tambaye shi ko zai sha shayi ya amsa maka da abin da ba ka san kansa ba. Amma ita ɗin ce, ranar da ya sauya wando ya musanya littattafan har ya yi wa wani Baturke tambayoyi shida da Sinanci, ta zauna ta ɗinka masa jan zare a kowane aljihun dama, shuɗi a kowane na hagu, tana yi tana mita.

Abin da ya fi ƙona wa Sista rai shi ne kwas ɗin ƙarin girma. Sau biyu tana sa sunansa, sau biyu yana zillewa, wai lokacin ne kukun kamfanin gada yake samun sukunin gyara masa lafazi. Ga shi nan zai tafi a matakin da ya shigo.

Sai ranar da aka kawo wani Baturke, direban ƙugiyar ɗaga kaya, ƙarfe ya murƙushe masa hannu. Sista ta zuƙi allura. Baba ya sunkuya ya yi tambaya ta uku. Mutumin ya zaro ido, ya kama maƙogwaronsa da ɗaya hannun.

"Sista, dakata."

"Baba, matsa min, ba lokacin makaranta ba ne."

"Ki dakata. Ya ce irin wannan allurar ta taɓa shaƙe shi, da kyar aka ceto shi."

Ta ajiye allurar. Aka sauya magani, mutumin ya fita da ƙafarsa bayan kwana goma. Kun san abin da aka rubuta a rahoto? "An samu bayani daga majinyaci." Ta bakin wa aka samu, ta bakin bango? Wallahi abin da takaici.

Kai ne, Baba, wanda ba a taɓa kira taron likitoci ba, amma ake aika a nemo ka da gudu in baƙo ya fara nishi. Kai ne ka riƙe waya a kunnen wani Basine yana sallama da mahaifiyarsa kafin tiyata. Mai aljihu biyu, ka gajiyar da mu, kuma ka fi mu gaskiya.

Sau uku Sista na hawa bene ta roƙi a ɗauki tafinta kafin Baba ya tafi. Sau uku ana ce mata ana dubawa, kuma ai akwai waya mai fassara. Mai murƙusasshen hannu ne zai tsaya latsa waya? Shekaranjiya ta same shi yana goge gado, ta tsaya a kansa ranta a ɓace.

"To, bayan Alhamis wa zai tambaye su?"

Ya sa hannu a aljihu. Ya zaro jan, ya zaro shuɗin, ya ɗora mata a kan gadon.

"Wanne zan fara?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta sa jan a dama, shuɗin a hagu. Jiya an gan ta a baranda bakinta na motsi.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu mai albarka, Ya ba matarka haƙurin zama da kai yini guda cur. Ku kuma masu aiki inda baƙi ke shigowa cikin ciwo, ba a ce ku zama malamai ba, tambaya goma sha biyu ce kacal. In ma ta yi muku yawa, ku koyi layin da Sista ta tarar a shafin farko na kowane littafi, wanda ya fara koya tun satin da mutumin nan ya cika riƙe da hannunsa: "Faɗi a hankali, ina jin ka."