Baba Mainasara da Alayyahun da Ke Kai La'asar

Da an sallame Asuba a Rimawa, kafin masu lambu su tada injin ban-ruwa, Baba Mainasara ya ɗora wa jakansa mangala ya nufi mashekarin shanu. Taki yake kwasowa. Ba ya kai shi fadama ɗanye. Sai ya tara a bayan gari, ya yayyafa ruwa, ya yi ta juyawa har ya ruɓe ya huce. A wannan aiki gemunsa ya yi fari. Masu bakin tsiya kan toshe hanci in ya gitta, su ce ga sarkin juji nan. Da wannan bakin dai suke shan miya!

Da takin zamani ya wadata, masu lambu suka ɗauki wata ɗabi'a: ana gab da yanka sai a watsa yuriya, don ganye ya yi kore shar ya cika ido. Yana kuwa cikawa, amma duk ruwa ne. Kafin Azahar ya langaɓe a kwando, washegari ya fara ruɓa.

Abin ya ci Hauwa'u, wadda lambun da mijinta ya bari shi ne tukunyar marayunta. Mas'uda, mai sarin ganye tana kaiwa Sakkwato, ta gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in kaya suka sake ruɓe mata a hanya, sun rabu ke nan. Baba Mainasara ya iske Hauwa'u bakin lambu ta yi tagumi.

Ya ce, "Ɗiyata, ban ce ki yada na zamani ba, ki ba shi kaɗan da wuri. Amma ƙasa mai yunwa, mi za ta ba ganye in ba ruwa ba?"

Kafin shuka ya yi ta sauke mata mangala, har kowane fangali na lambunta ya yi baƙi. Ranar yanka Mas'uda ta zari dami guda ta ajiye a inuwa, ta ce sai ta gani da idonta. La'asar sakaliya ta dawo, ganye na nan tsaye da ƙarfinsa. Nan take ta sa aka loda kayan duka.

Kai ne ka yi wannan, Baba. Na Rimawa, mai ciyar da ƙasa kafin ta ciyar da mu! Yau gwiwa ta ƙi, jakai na turke. Mun gode, Allah shi saka maka da alheri.

Kwanan baya Hauwa'u ta kai masa damin da ta yanka tun safe, ba ta samu zuwa ba sai Magariba. Ya karya kara ɗaya kusa da kunnensa, ya ji ƙas, ya yi murmushi.

Samarin Rimawa, mangalar tana nan rataye a zaurensa. Warin taki dai bai taɓa kashe kowa ba.