Ƙafar Kande Maginiya

A ƙauyensu, can bayan Kwali, in ka ce Kande za a tambaye ka wacce, in ka ce mai randa kowa ya gane. Shekara arba'in tana ginin tukwane irin na iyayenta. Yumɓu na zaune wuri guda, ita ce mai zagaya shi, hannu na sama yana shafa, ƙafa na ƙasa tana juyi. Wanda bai sani ba sai ya ce hannu ne sana'ar. Ina! Ƙafa ce.

Ciwon sukari ya fara kama ta, hawan jini ya biyo, ido ya dushe. Daga baya ta taka fasasshen kasko a wurin gashin tukwane, ɗan rauni ya fito a diddige ya ƙi rufewa.

Wani babban asibiti a cikin gari ya ba ta kati uku. Sukari da jini ranar Litinin, ido Laraba, ƙafa Alhamis. Kowane likita da ranarsa, kai ka ce mutum uku ne ba su da lafiya. Ita ko ba ta iya shiga mota ita kaɗai, don ko rubutun ƙofa ba ta gani. 'Yarta Patricia ce jagora, tana aikatau a wani gida a Maitama, kuma Madam, matar gidan, hutun rana ɗaya tak take ba ta a wata.

Sai a baje katunan a tabarma. "Mama, wanne za mu je?"

"Wanda ke damuna mana. Kaina kamar zai tsage. Ƙafar nan ko zafi ba ta yi, ai ta kama hanyar warkewa."

Wayyo Kande! Ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata cewa sukari ne ya kashe mata jin zafin. Wata biyar tana naɗa tsumma, tana zagaya yumɓu a kan rauni, har ranar da Patricia ta shigo ɗaki ta toshe hanci.

Likitan ƙafa ya buɗe fayil, ko fuskarta bai duba ba. "Sau biyar ana sa miki rana ba ki zo ba. Ku mutanen nan, sai abu ya lalace ku kwaso mana."

"Ai muna zuwa, likita," in ji Patricia. "Can ɗaya ɓangaren."

"Wannan ba fayil ɗina ba ne."

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Sati biyu Patricia na jinya, Madam ta turo saƙo cewa ta ɗauki wata 'yar aiki.

Ranar sallama, nas ta miƙo kati na huɗu, na koyon tafiya da sanda, duk Juma'a. Ta ƙara da cewa, "Wannan karon ban da wasa, Mama."

A gida Kande ta tarar da randar da ta bari rabi, ta bushe ta tsage. Ta zauna gabanta, ta shafa iya inda hannu ya kai. Ɗaya gefen kuwa sai an zagaya.