Baffa Sale da Baƙin Wayarsa

Ku da kuka zauna da Baffa Sale a Kazaure kun san ba ya taɓa waya sai ya yi mata sallama. Ni Habibu, ɗan wansa, ni na jawo wa kaina, domin ni na saka masa sabuwar burauzar nan ta shiga intanet, wadda ake yi wa magana ta nemo abu, ta kuma karanta shafi da murya. Sai ya kara wayar a baki: "Salamu alaikum, baiwar Allah, yau za a yi ruwa a Roni?" In ta amsa ya ce, "Madalla, a gaida gida." A cikin adaidaita sahu fa! Ni kuwa sai in kau da kai kamar ba tare muka hau ba.

Shafi kuwa in ya buɗe, ya buɗu ke nan. Wayar ta yi nauyi, tana tafiya kamar tsohon jaki.

"Baffa, bari in rufe maka wasu."

"Kul! Ni na kira su, kuma in kore su? Baƙi ne, su tafi don kansu."

Na nuna masa tana toshe talla, ya ce maza in cire. "Mutum na neman abincinsa ka toshe masa baki? A kasuwar Gwiwa wa ya taɓa hana mai talla?" Da na zo kan shafin sirri, wanda ba ya barin sawun abin da ka duba, sai ya kalle ni sama da ƙasa: "Kai me kake ɓoyewa?" Kunya ta sa ni ma na daina amfani da shi.

Abin da na manta shi ne da adireshina na imel na buɗe masa burauzar, don haka duk shafin da na duba a wayata yana faɗowa tasa. Ranar neman aurena a Babura, Baffa ne jagoran tawagar. Ni na tuƙa su, na raɓe a bayan zaure tunda mai nema ba ya shiga. Uban Hauwa, yarinyar da nake nema, Alhaji Ɗanladi dillalin shanu, mutum ne da ba a ganin haƙorinsa, kuma dama yana ta jan ƙafa a kan maganar. Don zama ya yi daɗi, Baffa ya ce bari ya nuna masa baiwar Allah mai karatu. Ya yi sallama, ya danna wani sabon baƙo. Murya ta tashi tangaram: "Yadda za ka shawo kan suruki mai taurin kai. Mataki na farko..."

Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina shi ke nan, Hauwa ta kuɓuce mini. Maimakon Baffa ya kashe, sai na ji ya ce, "Af, wannan baƙon Habibu ne, ba nawa ba."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Bar ta ta ƙarasa, Malam Sale, in ji ta inda za a ɓullo mini."

Wallahi har ƙarshe suka saurara. An ba ni Hauwa, amma har yau in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "To, wannan mataki na nawa ne?"

Yanzu da Baffa ya rasu, wayarsa tana hannuna. Baƙinsa suna nan yadda ya bar su, na kasa rufe ko ɗaya. Jiya a ofis na tsinci kaina ina yi mata sallama, ban kuma damu da wanda ya ji ba.

Allah ya jiƙan Baffa. Bai taɓa korar baƙo ba, ya Allah ka karɓi baƙuncinsa.