Kujera Kamar Katifa, Mata a Rairayi

Jama'a, yau na sha hira da iska har bakin garin Wagini!

Tunda kuɗin fetur ya shigo, kowane masinja a Batsari ya hau babur, ni ina fama da tsohon keke. Yau na ce ya isa. Ina son wanda zan riƙa kai mai ɗakina Safana wurin iyayenta ba ciwon baya.

Muka je kasuwa da ita, mai sayarwa ya nuna mini wani ƙaton babur, kujera kamar katifa. Ya ce, "Malam Sule, ɗauke ta ku gwada."

Ta yi zaman gefe. Na ce, "Riƙe ni."

Ta ce, "Gaban 'yan kasuwa? Allah ya sawwaƙe!"

Muka tafi. Ina ta yabon kujera, ta yi shiru, na ce daɗi ne. Na tsaya a bakin Wagini, na waiga. Ba kowa!

Na juyo a guje. Ga ta zaune cikin rairayin rafi, lafiya lau, tana kaɗe mayafi.

Na ce, "Ba ki iya kira na ba?"

Ta ce, "In kama sunan mijina? Na yi ta kiran 'Maigida!' Duk mazan rafi suka waiwayo, ban da kai."

Ƙarshe ɗan mitsitsi na saya, kujera kamar benci, amma da kariyar ƙarfe a baya da za ta riƙe. Wai ita wannan ya fi mata daɗi!