Rufin Gidanmu da Ruwan Shuka

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga aikin direba, aka ba mu wa'adin barin gidan ma'aikata a Samaru kafin damina ta yi nisa. Muna da fili a bayan kasuwa, kuma mun riga mun tayar da gini: shago a gaba da bulon siminti, ɗakunan kwana a baya da bulon laka, domin iyakar ƙarfinmu ke nan. Rufi kawai ya rage. Wanda ya san bulon laka ya san in ruwa mai ƙarfi ya same shi a buɗe, ƙasa yake komawa. In ɗakunan nan suka zube, ba mu da inda za mu sa kanmu da yara.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, saboda haka neman wanda zai yi aikin a kaina ya faɗo. Ni kuwa ba na fara abu ta tsakiya. Da farko na zaga unguwa ina duba rufin gidajen mutane, ina tambayar wa ya yi. Daga nan na hau acaɓa zuwa Sabon Gari wurin masu sayar da katako, na tambaye su wane ne yake dawo musu da kaya in ya ga ɗanye ne. Bakinsu ya zo ɗaya a kan wani ɗan kwangila mai rumfar kafinta a Chikaji. Har da tsaki suka ambace shi. Tsakin nan ne ya sa na neme shi.

Na same shi yana fiƙe zarto, gajere, mai furfura a gemu. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ga sharaɗina. Katako busasshe. A shafe shi da baƙin mai saboda gara. A ɗaure shi da langa-langa a jikin bango, kada iska ta kai mini rufi garin Shika. Kuma ba na son a ce mini gobe sau biyu a kan abu ɗaya."

Ya ajiye zarton yana dariya. "Mama, a barikin soja aka haife ki ne?"

"A gidan mai wa'azi aka haife ni. Ya fi bariki."

"To, ranki ya daɗe, mun karɓi oda."

Ya cika alkawari. Ya zo da mutanensa, aka sauke katako daga a-kori-kura, aka shafe, aka shanya, aka hau bango. Suka kafa katakon shago, suka kafa na ɗakuna, komai a miƙe. Kwano na jingine a cikin shago yana jiran a buga. Sai wata la'asar hadari ya haɗu ta gabas, aka yi ruwan farko. Bai rusa komai ba, amma ya jiƙa saman bangon, na sa yatsa na ji laka ta yi laushi.

Washegari na je wurin ginin da sassafe. Babu kowa. Na jira har rana ta ɗaga, sannan na je wurin masu waya a ƙarƙashin lema, na kira shi. Bai daɗe ba sai ga shi a kan babur.

"Malam, ina mutanenka?"

"Mama, sun tafi shuka."

"Ba su gaya maka ba?"

"Ai ba sai sun gaya mini ba. Ƙasa ta jiƙa. Yau ko gwamna ne ke gini, jira zai yi."

Na san gaskiya ya faɗa, domin ni ma 'yar ƙauye ce. Kafintocin nan da leburori duk manoma ne, aikin gini na rani ne kawai a wurinsu. Wanda ya bar laimar ruwan farko ta wuce shi, zai ga abin a rumbunsa. Ina tsaye sai idona ya kai bayan babur ɗinsa: buhun irin masara ne a ɗaure, da sungumi. Ashe shi ma hanyar gonarsa ta bayan Zabi ya kama, wayata ce ta juyo da shi.

Ya dubi sama, ya je ya taɓa bangon kamar yadda na taɓa. Sai ya kwance buhun, ya shigar da shi shago, ya tuɓe riga.

"Ina Baba? A kira shi ya miƙo mini kwano. Ɗakuna za mu fara rufewa, shago ba abin da zai same shi."

Maigidana ya zo, ya tsaya a ƙasa yana miƙa kwano, domin ko tsani ba ya yarda ya taka. Malam yana sama yana tsokanarsa: "Baba, mutumin da ya kai mota Legas ya dawo, shi ne ke tsoron hawa bango?"

"Mota tana da birki," in ji maigidana. "Nuna mini birkin bango."

Ni ce mai miƙa ƙusa da ruwan sha. Aikin mutum da yawa ya koma kan mutum ɗaya, ga rana, ga kwano ya yi zafi har yana naɗe tsumma a gwiwa. Ba ya sauka sai in zai yi salla. Da yamma na ga abin zai ci kwanaki, sai na ce, "Malam, taka gonar fa, wa zai shuka?"

"Allah zai kawo, Mama."

"To, ya kawo. Gaya mini hanya."

Ya ɗauka wasa nake yi. Na bi gidajen matan cocinmu ɗaya bayan ɗaya, na faɗa musu halin da ake ciki. Waɗanda suka iya suka ɗaura ɗamara. Da safe muka ɗauki buhun da sungumi muka shiga mota. Matar Malam ta tarye mu a bakin hanya, ta riƙe baki da ta ga jerinmu, ta ce, "Ikon Allah! Yau mijina ya yi gayyar mata." Ta kai mu gonar. Na ja igiya daga wannan iyaka zuwa waccan, na raba aiki: masu sara a gaba, masu zuba iri a biye, masu rufewa da ƙafa a baya. Wata ta ce ko a makaranta ba a yi musu haka ba. Na ce ta yi shiru ta bi layi. Matar Malam ta dama mana fura, muka sha a gindin ɗorawa. Sai da muka sake komawa washegari kafin mu gama.

A hanyar dawowarmu ta ƙarshe sama ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai Samaru ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, da iska mai karya reshe. Na sauka daga mota na kama gudu, zanena ya manne a jiki, ina ta addu'a da ƙarfi ba kunyar kowa. Da na sha kwana sai na ji ƙarar ruwa a kan kwano. Ɗakunan a rufe suke kaf. Na shiga na bi bango ina shafawa, ɗaki bayan ɗaki, ko'ina a bushe. Malam da maigidana suna zaune a ƙasa suna cin gyaɗa, tafin hannun Malam duk ya yi kanta ya fashe.

Na durƙusa zan yi masa godiya, ya ce, "Haba Mama, tashi, kada ki sa ni kunya. Gonar fa?"

"An shuka."

"Duka?"

"Duka, har gefen rafi."

Sai ya ce, "Allah ya saka da alheri." Na ce amin, tare da shi.

Da mutanensa suka dawo daga ƙauye suka rufe shagon. Muka kwashe kayanmu muka tare kafin wa'adi ya cika, ko shafe ba a yi wa bangon ba, amma ba mu taɓa tara kwano a tsakar ɗaki don yoyo ba.